Gwangwanin Mutum Ɗaya ko Biyu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa gida lafiya, hanya ba ta wahalar da ku ba. Yaya maigidanki da aiki? Yaya yaran, musamman angon nawa mai ƙin wanka? Ina fatan tarin da ya zo da shi ya sake shi. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da ɓacin ran da kika bar mini a kicin.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, domin a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da na fara sai ki ce in kwantar da hankalina, sai ka ce yaro kike lallashi. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Shekarun da na yi a gidan waya ina buga wa wasiƙun jama'a hatimi sun koya mini wannan, saboda haka ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙasa.

Ina babban gwangwanina na kek?

Ranar Asabar na tashi kamar yadda na saba, na tankaɗe fulawa, na fasa ƙwai, na kwaɓa, na durƙusa na buɗe kabad ɗin ƙasa. Wayam. A gurbinsa sai na tarar da wani kwali mai ƙyalli, a ciki 'yan gwangwanaye guda biyu, kowanne bai fi tafin hannuna ba. Da farko na ɗauka kayan wasan yaranki ne kuka manta. Sai da na sa tabarau na ga an rubuta a jikin kwalin wai na gidan mutum ɗaya ko biyu ne. Na tsaya a tsakiyar kicin, kwaɓin mutum tara a hannuna, ina karanta hukuncin da 'yar cikina ta yanke mini. Ban sani ba ko kin karanta rubutun kafin ki saya. In kin karanta, to kin iya cin fuska. In ba ki karanta ba, ban ga amfanin karatun da kika yi ba.

Wannan gwangwanin ya girme ki. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya sa maƙeri ya ƙera shi daidai faɗin tanderun murhunmu, har sai an ɗan karkata shi yake shiga. A cikinsa na gasa abin da kuka ci ku uku, da 'ya'yan baffanku da suka tashi a hannuna, da kakarku, da duk wanda ƙamshi ya jawo daga titi. Gefensa ɗaya a lotse yake tun ranar da yayanki ya mai da shi ganga. Kin saka shi a bayan mota, kika dawo kika rungume ni kina yi mini sallama, ko a idonki bai nuna ba.

Na san hujjarki, ba sai kin maimaita ba. Kin buɗe firiza kin ga yankan kek a leda, na wannan makon a kan na wancan, na cikin firji kuma wasu sun yi fumfuna. Kika tsaya kina girgiza kai, kina kallona da wannan idon tausayin naki da ke tafasa mini zuciya. E, yana saura. Ni kaɗai ce a gidan, cikina ɗaya. Amma fulawata ce, tanderuna ne, Asabar ɗina ce. Ban taɓa zuwa gidanki na buɗe firjinki ina ƙirga abin da kika bari ya lalace ba, kuma ki yarda da ni, na ga abin ƙirgawa.

Kada kuma ki ɗauka ban gane inda aka dosa ba. Gwangwani ba shi ne maganar ba. Maganar ita ce ɗakin nan na gidanki da kika yi ta kururuta mini kamar dillaliya, wai a ƙasa yake, ba hawan bene, ga banɗaki kusa, ga taga tana kallon lambu. Yau a rage mini gwangwani, gobe a ce kicin ya yi mini girma, jibi a ce gidan ma ya yi mini yawa, a naɗe ni a kai ni ɗaki mai taga. To ki ji da kyau, ki kuma gaya wa yayanki da Auta, don na san bakinku ɗaya: ba inda za ni. A gidan nan na rufe wa babanku ido, a nan za a rufe nawa.

Kwaɓin ranar dai a tiren shayi da murfin tukunya na raba shi na gasa. Ya fito kamar an taka shi. Duk da haka na ci, ina ci ina ambatonki.

Ki ba direban da ya kawo miki takardar nan kayana ya dawo mini da shi. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yaran.

Ni ce,
Mahaifiyarki

* * *

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya ke da iyalinki duka. Lafiyata ba sai kin tambaya ba, tunda yanzu kowa ya fi ni sanin halin da nake ciki.

Direba ya dawo hannu rabbana, sai saƙonki na baki wai in daure in gwada ƙananan ko sau ɗaya ne. Na gwada. Na gwada ne kawai don in samu bakin ce miki na gwada. Kin ji abin da ya biyo baya daga bakin yayanki, shi kuma ya ji daga bakin maƙwabciyata Nas. Yanzu ki ji daga bakin mai gidan da ya yi hayaƙin.

Tunda nake, ban taɓa duba agogo don gashin kek ba. Ke ma shaida ce. Da zarar na tura gwangwani na rufe tanderu, sai in wanke kwanon kwaɓi da kayan karin kumallon gida duka, in share falo da baranda, in zagaya baya in shanya wanki. In na maƙala rigar makaranta ta ƙarshe a igiya, kek ya yi. Ko tsinke ba na sokawa. Haka nake yi tun kina goye, bai taɓa ƙonewa ba, bai taɓa fitowa ɗanye ba.

Ranar nan na zuba kwaɓi a 'yan gwangwanayenki, na tura, na juya wajen wanke-wanke. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali. Kafin in ankara na gama. Na ɗauki tsintsiya, falon da ba wanda ya taka ba ya da abin sharewa, amma na share. Na zagaya baya, zanena ɗaya da ɗankwali, na shanya. Jikina ya gaya mini lokaci bai yi ba, kuma gaskiya ya faɗa, don da babban gwangwani ne da ko rabin tafiya ba a yi ba. Sai na tsaya a bakin igiya ina jiran lokacin ya cika. Ina kallon igiyar nan doguwa, wadda dā sai an ƙara mata wata don kaya ba sa isa wuri, ga ta yau da tsumma biyu. Ina nan tsaye na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta.

Wa ya gaya mini ɗan ƙaramin abu gaggawar gasuwa yake yi? A jikin kwalin sun iya rubuta yawan mutanen gidana, wannan kuwa ƙila sun maƙale shi a ƙananan rubutun da ko da tabarau ba na gani. Kek biyu sun koma gawayi, hayaƙi ya fita ta tagar kicin, shi ke nan. Ko labule bai yi baƙi ba. Na kashe murhu da hannuna, na buɗe tagogi da hannuna.

Amma Nas, matar da tunda ta bar asibiti take neman mara lafiya ido rufe, kafin ma in buɗe mata ƙofa ta riga ta kira yayanki. Shekara nawa tana karɓar yankan kek ɗina ta kan katanga, tana cewa hannuna albarka. Ranar ba ta tambaye ni me ya faru ba. Hannuna ta kama tana jin bugun jini, tana leƙa idona.

Kafin la'asar sai ga yayan naki, Injiniya, da kansa, ya sha mur, makullin mota a hannu. Ya zaunar da ni a falo, ya durƙusa a gabana ya tausasa murya, ya tambaye ni wai yau wace rana ce. Sannan ya ce in lissafa masa sunayen jikokina. Ni! Ni da na riƙe lambobin akwatin gidan waya na rabin gari a kaina, ni yaron da na wanke wa kashi yake yi wa jarrabawa, Nas tana tsaye a bakin ƙofa hannu a ƙirji. Na lissafa masa jikokin, na ƙara masa da sunan malamin da ya kore shi daga aji saboda satar amsa, don ya tabbatar ƙwaƙwalwata tana nan. Bai yi dariya ba. Na yi masa bayanin wanke-wanke da shanya, yana ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama yanke shawara tun a mota.

Da zai tafi ya shiga kicin ya kwance kan tukunyar gas ya sa a aljihu. Ya bar mini butar lantarki, ya ce Nas za ta riƙa aiko mini da abinci, kuma kun yi magana ku uku, ƙarshen wata za a zo a kwashe kayana zuwa gidanki.

Ki ji ni, 'yata. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, kuma ina fushi da ku fushin da ban taɓa yi ba. Ba mantuwa na yi ba. Ke kika canza mini kayan aiki ba da sanina ba, da na yi tuntuɓe a kansu kuma kuka taru kuna nuna ni da yatsa. Kular abincin da Nas ta aiko tana nan a baranda inda aka ajiye ta, ban buɗe ba. Burodi da shayi nake ci, kuma sun ishe ni.

Kada wanda ya turo mota. In ta zo, za ta koma yadda ta zo.

Mahaifiyarki

* * *

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin maigidan naki, an ce mura ta kama shi? Allah ya sawwaƙe. Ki riƙa ba shi ruwan ɗumi, ki daina bari yana kwana a gaban fanka.

Ki gaya wa yayanki kan gas ba a aljihunsa kaɗai yake ba. Na taka da ƙafata har shagon mai gas na bakin titi, ya ba ni sabo, ya biyo ni ya ɗaura. Da Injiniya ya zo ya gani, ya fara tada jijiyar wuya, sai na ce to mu yi ta a fili. Asabar ɗin ƙarshen wata ya zo ya zauna a kicin, in gasa a gabansa da gwangwanin mutum ɗaya ko biyun naku. In ya ƙone ko ya lalace, da hannuna zan ɗaure kayana, ba sai an ɗaure mini ba. In ya yi kyau, kowa ya fita harkar gidana. Ya amince da sauri, don a ransa ya riga ya ci. Na san ya gaya miki, amma ina so ya zauna a rubuce, kada gobe wani ya ce ba haka aka yi ba.

Tun daga nan kullum sai na gasa, kuma bari in gaya miki irin aikin da kika ja mini. Ma'aunina tsohon kofin shayin babanku ne, da tafin hannu, da ido. Na san fulawa kofi kaza, sukari kaza, bota kaza, ƙwai shida. Na zauna na raba komai har ya zo daidai cikin 'yan gwangwanayen biyu, sai lissafi ya tsaya a kan rabin ƙwai. Rabin ƙwai! Kin taɓa ganin kazar da ta saka rabi? Ranar farko na sa guda sukutum don ba zan tsaya ana raina mini hankali ba, abin ya fito yana ƙarni, yana danƙo kamar roba. Washegari na sa gwaiduwar kaɗai, ya yi nauyi kamar dutsen guga. Sai daga baya na gane sai an kaɗa ƙwan tukuna a kofi, a ɗebi rabi da cokali. Sauran rabin kuma ya zauna a firji an rufe shi da faranti, duk na buɗe yana kallona.

Babbar matsalar ma hannuna ne. Ba ya jin magana. Ina cewa cokali uku, shi yana zurmawa cikin fulawa har wuyan hannu, don haka ya saba. Hodar da ke sa kek ya tashi kuwa, ɗan abin da ake bukata bai fi a ɗauka da bakin wuƙa ba. Na zarce sau ɗaya, ya kumbura ya yi tozo, yana fitowa ya faɗa ciki. Na jefa shi a shara da gwangwanin gaba ɗaya, sannan na koma na tsamo gwangwanin, ina wankewa ina zagin wanda ya ƙirƙiro shi.

Yanzu ba wanke-wanke, ba shara, ba shanya. In na tura shi sai in jawo 'yar kujera in zauna a gaban gilashin tanderu kamar mai jinya, ina kallon abin da loma huɗu za ta cinye. Na gano yana da alama: gefensa yakan ɗan janye daga jikin gwangwani, ƙamshin kuma ya juya daga na ƙwai ya koma na bota. A nan ake cirewa, ba a ƙara ko numfashi. Ba wanda ya koya mini, da hancina na gano.

Sai kuma ku. Kun hana ni sakat. Da safe ke, da rana yayanki, da yamma ke kuma, wai na ci abinci, na kashe gas, na sha magani. Auta da sai a shafe watanni ban ji muryarsa ba, yanzu kullum sai ya kira yana ba ni labarin aikinsa, yana zagaye-zagaye don ya ji ko maganata tana kan hanya. Yayanki duk ƙarshen mako yana nan, yana shinshina kicin, yana duba makullan lantarki, har da kwasar yaransa su zo su cika mini falo da ihu, su fasa mini kofin gilashi. Jiya ina tsaka da kallon kek wayarki ta shigo, na ƙi ɗauka. Ba suma na yi ba, aiki nake yi, ba sai kin sa Nas ta ɗora kujera ta leƙo ta katanga ba. Har yanzu ba na amsa gaisuwarta, ki daina haɗa ni da ita.

Ɗakin naki ki zuba buhunan shinkafa a ciki, ko ki ba baƙi. Ki gaida yaran.

Mahaifiyarki

* * *

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan kowa lafiya.

Ba zan tsawaita ba, don na san labari ya riga takarda. Yayanki ya zo, ya zauna a kicin da agogonsa a hannu. Na auna a gabansa, na kaɗa ƙwai na raba a gabansa. Na tura, na zauna. Ya yi ta ce mini lokaci bai yi ba bisa ga abin da ya karanta a wayarsa. Ban ko kalle shi ba. Da hancina ya ce ya yi, na cire. Ya fito ja-ja-wur a sama, ciki laushi kamar auduga, ya zame daga gwangwani ko ɓarɓashi bai maƙale ba.

A tsaye ya cinye ɗaya. Ya miƙa hannu zai ɗauki na biyu na buge hannun, na ce na mutum ɗaya ko biyu ne, ya ci rabonsa. A nan ne ya yi dariya, ya ciro tsohon kan gas daga aljihu ya ajiye a kan teburi, ya ce na ci, maganar tashi ta mutu. Haƙuri dai bai ba ni ba, ke ma ba ki ba ni ba, kuma ina lura.

Saƙonki na cewa za ki dawo mini da babban gwangwani ya iso. Ki riƙe shi. Gidanki ne mai mutane. Ki shafa masa mai sosai a kusurwar da ta lotsa, nan ne yake kamawa. Kada ki wanke shi da soson ƙarfe.

Na gaya muku zan iya, ga shi kun gani. Yanzu sai kowa ya kama gabansa ya bar ni in sha iska.

Mahaifiyarki, a gidanta

* * *

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da ta yaran. Tambaya nake yi ta gaske, ba ta al'adar wasiƙa ba, don ban sani ba. Rabona da jin muryar ɗayanku har na daina lissafi.

Ashe haka kuke? Na ce ku bar ni in sha iska, shi ne kuka ɗauke ƙafa gaba ɗaya kamar dama jira kuke yi a sallame ku? Tunda kuke, yaushe kuka taɓa jin maganata da sauri haka? Na ce a dawo mini da gwangwani, ba a ji ba. Na ce ba mantuwa na yi ba, ba a ji ba. Amma da na ce kowa ya kama gabansa, a nan kunnen kowa ya buɗe.

Makon farko kin kira sau biyu, kina sauri. Daga nan sai ɗan rubutu a waya, wai kin san ina lafiya. Ina kika sani? Yayanki tunda ya ci kek ɗina a tsaye ban sake ganin motarsa ba. Auta ya koma inda ya fito. Har na kai wayar wajen mai gyara na ce ya duba ko ta lalace, ya kira ta a gabana ta yi ƙara, ya miƙo mini. Na dawo gida ina jin kunyar yaron mutane. Ita ma Nas, tunda aka ce mata lafiyata ƙalau ta sauke kujerarta daga jikin katanga.

Wato da kuna zaton hankalina ya fara gushewa, ina da 'ya'ya uku. Da aka tabbatar yana nan daram, sai na koma ba ni da kowa. Wannan wane irin lissafi ne? Ni na yi ta fama da rabin ƙwai don in tsare gidana, na tsare shi, ga ni a cikinsa. Kek yana fitowa lafiya kullum, ba ya saura, ba fumfuna, ba abin da za ki buɗe firji ki girgiza kai a kansa. Ina cin nawa da shayi, na biyun in ci washegari. Duk abin da kika so ya tabbata.

Zan gaya miki abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce, kuma ban yarda ki karanta wa yayanki ba. Na tura kek na zauna a gaban gilashi. Gefensa ya janye, ƙamshin bota ya tashi, na san ya yi. Ban tashi ba. Hankalina ɗaya, idona biyu, na san ranar, na san sunan kowane jika. Ina zaune ina kallon tagar kicin, ina cewa a raina in na ƙara ɗan jim hayaƙi zai fita ta nan, Nas za ta gani, kafin yamma mota za ta tsaya a ƙofar gida, yara za su cika falo, wayata za ta yi ta ƙara har in gaji. Na kalli saman kek ɗin yana duhu. Na ji ƙauri ya fara. Sannan na tuna in hayaƙin ya fita, wannan karon ba wanda zai tsaya yin sharaɗi da ni, ɗaki mai taga za a wuce da ni kai tsaye. Na sa tsumma na cire shi. Na kankare baƙin da wuƙa, na ci sauran.

Ina kewarku, kuma ina jin haushinku, haushin ma ya fi yawa, don kun kai ni inda na zauna ina auna gidana da muryar 'ya'yana, wanne zan ƙona in samu wanne. Ban haife ku don in riƙa kiran ku da hayaƙi ba.

Wannan karon na cire. Asabar mai zuwa zan sake kwaɓawa, kuma takardar nan za ta riga ta isa hannunki.

Ki gaida maigidanki da yaran.

Ni ce,
Mahaifiyarki